Gonar da ke Cikin Barikin Nasara

Bari in faɗa tun da wuri kafin wani ɗan baƙin ciki ya riga ni: a cikin wannan labari akwai wawa guda ɗaya, kuma shi ne yake riƙe da alƙalamin nan. Na so in raba wautar da wasu, ko da kaɗan ne, na duba gabas na duba yamma ban samu mai karɓa ba. To, tunda kayana ne, zan ɗauka.

Ni dai na yi elementare har aji uku. A nan ne mahaifina ya lura shanu sun fi hedimasta bukatata, ya je ya ɗauko ni. Amma aji uku na wancan zamani ba wasa ba ne, kada yaran yanzu su yi min dariya. Da shi na zama mai karanta wa unguwarmu wasiƙa, da shi kuma na zama masanin tarihin barikin Nasara da ke kan tudu a arewacin garinmu, tsakanin Roni da Gwiwa. Babu wanda ya naɗa ni. Babu kuma wanda ya hana ni, wanda a wurina duk ɗaya ne.

Abin da na sani game da barikin, yawancinsa daga bakin kakata ne, wadda ta haifi mahaifina. Ta ce tana 'yar budurwa wani Bature ya zo a kan doki ya tsaya a tudun, ya kafa wani abu a ido, ya daɗe yana kallon arewa, wajen da ƙasar Faransa take. Da ya sauke abin sai ya ce a nan yake so. Shi ke nan aka yi shela. Matan gari aka ɗora wa ɗebo ruwa daga fadama da jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake ƙarfafa gini da ruwansa, ta ce rani biyu wuyansu bai huta ba. Katangar ta dutse ce, an haɗa ta da laka da ruwan makuba, an bar mata 'yan ramuka a jere daidai bakin bindiga. Ciki kuma an raba shi biyu da wata katangar. Ɓangaren yamma nan sojoji suke kwana, nan ɗakin Baturen yake da ɗakin makamai. Ɓangaren gabas na dawakai ne da alfadarai, katangarsa ba ta kai waccan tsawo ba.

Abin da ya fi tsaya wa kakata a rai begila ce. Ta ce safe da yamma ake busa ta, har jakunan gari suka koyi lokacinta, in an busa sai su amsa. Na taɓa tambayarta ko an yi yaƙi a wurin. Ta ce iya saninta, abin da sojojin nan suka harbe bai wuce kura ɗaya da zabin mutane ba. Wannan ɓangaren ba na cika faɗar sa a majalisa, don masanin tarihi dole ya san abin da zai bari a gida. Aikinsu dai gadin iyaka ne, da tare fatake masu saukowa daga Damagaram da kanwa da dabino, a kwance kaya a duba a ɗaure. Wata rana aka wayi gari babu begila. Sun tafi. Mutane suka yi shekara guda ba su leƙa ba, ana cewa tarko ne, suna nan ɓoye suna jiran su ga wanda zai fara. Da aka ga shiru ta yi yawa sai aka fara da ƙofofi, daga nan azara, daga nan duk wani ƙarfe da maƙeri zai iya narkawa. Duwatsun aka bari, saboda nauyi, da kuma cewa da ake yi suna da masu su.

Mahaifina ne ya fara shiga ciki da fartanya. Ya je wurin dagacin lokacin ya roƙa, dagaci ya ce masa, "Je ka noma, iyakarka katanga." Magana ke nan, babu ƙari. Sauran gonakin garinmu gamba ake shuka musu a iyaka, ko aguwa, don gobe in an samu saɓani a ce ga layi. Tamu ba a shuka mata komai ba. Me za a yi da ciyawa ga dutse? Wannan gona ita na gada, da ita nake ci da iyalina. Ɓangaren gabas shi ne ƙashin bayanta, don dawakan Nasara sun bar masa taki na shekaru, dawar da yake yi sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi.

Bayan katangar gabas gonar maƙwabcina ce, wani Babarbare da kakanninsa suka zo daga Barno da allo da tawada, suka ga tuwo suka zauna. Ni kuwa Bafillace ne, ko da yake Fillancin nawa bai wuce gaisuwa da zagi ba. Kun san tsakaninmu da su. Tun muna yara yake ce min bawansa nake ce masa bawana, har yau ba a samu alƙalin da ya raba ba.

To, bayan an yanke mana Jigawa daga Kano da 'yan shekaru, wata kaka an gama yankan dawa, ina cikin gonar ina tara kara, sai ga farar mota ta tsaya a gindin tudu. Mace ce ta fara fitowa, matashiya, da tabarau da littafi a hannu. Bayanta maza biyu, ɗaya da kyamara, ɗaya da igiyar awo, irin wadda take naɗewa cikin gwangwani.

Ina ganin igiyar nan na saki karan da ke hannuna. Sau biyu na taɓa ganin ta a ƙasarmu. Na farko titi ya biyo bayanta ya raba gonar wani dattijo biyu. Na biyu makaranta ce ta tsiro a inda ake shuka gyaɗa. Duk inda igiyar nan ta kwanta, gero ba ya sake tsayawa, wannan ba sai an yi aji huɗu ake saninsa ba.

Matar ta rusuna ta gaishe ni da ladabi, abin da ya ƙara min tsoro, don mai zuwa da alheri ba ya bukatar ladabi mai yawa haka.

"Baba, an ce kai ne ka fi kowa sanin tarihin wurin nan."

Da a majalisa aka faɗa min haka, da na gyara zaman hula na fara daga zuwan Baturen. Amma sai na ce, "Wa ya faɗa?"

"Kowa ma haka yake cewa."

"Shi kowan ba shi da suna?"

Ta yi dariya. Ta ce jiha sabuwa ce, an turo su su zagaya su rubuta tsofaffin wurare don kada su ɓace.

Na ce, "'Yata, wannan ai ba ya ɓacewa. Dutse ne. To, in kun rubuta fa?"

"Sai mu kai ofis."

"In kun kai ofis fa?"

"Sai manya su duba."

Manya su duba! Ruwa ba ya tsami banza. Tunda nake ban taɓa jin manya sun duba abin talaka sun mayar masa yadda suka same shi ba. Nan take, a tsaye, kaina ya yi aiki. Na ce a raina, duk abin da igiyar nan ta zagaye ya zama na gwamnati, abin da ta bari a waje shi ne nawa. Yamma ba zan iya ɓoye ta ba, ga ramukan bindiga nan suna kallon kowa. Amma gabas, mai dawar, ita zan tserar.

Sai na zama mai taimako. Na ce wa mai awon ya ba ni bakin igiyar in riƙe masa, ai ni na san lungunan. Muka auna kudu, muka auna yamma, muka auna arewa. Da muka zo katangar tsakiya, wadda ta raba wurin sojoji da na dawakai, na dafa bakin igiyar a jikinta na tsaya.

Na ce, "Nan bariki ya ƙare. Gonata ma nan ta ƙare."

Matar ta leƙa ta inda katangar ta tsage, ta nuna ta waje. "Waccan fa, Baba?"

"Shingen dabbobi ne na maƙwabcina. Wurinsa ne. Ba a daɗe da yi ba."

"Amma ginin iri ɗaya ne."

"Ai Babarbare ba ya ƙirƙira, 'yata, sai kwaikwayo."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta sunkuya ta yi rubutu. Wannan kallo na ajiye shi a raina. Na ce yarinyar nan ba ta yarda ba, ta dai yi shiru ne irin na ma'aikata, za ta biyo ta bayan gida.

Ai kuwa da suka sauka, maimakon su shiga mota, sai na hango su a inuwar maƙwabcina. Ya shimfiɗa musu tabarma, an kawo fura, yana magana yana nuna tudu da hannu. Na tuna yana da ɗan ƙane da ke aikin gwamnati a birni. Biri ya yi kama da mutum. Suna tafiya na same shi.

"Me ka ce musu?"

"Su wa?"

"Kada ka mai da ni yaro. Baƙin da ka cika wa ciki."

Ya ce, "Au, na ce musu akwai wani Bafillace a nan da ya fi barikin tsufa da lalacewa, in za su gyara su fara da shi."

"Ban da wannan fa?"

"Sun tambayi hanyar Kanya Babba na nuna musu. Kai Fillo, wai me yake damunka? Fura ce ka ga ta wuce ba a sayi nononka ba?"

Hanyar Kanya Babba wai. Da hannu yana nuna tudu.

Na yi kwanaki ina juya abin. Abinci ma sai in ci in manta na ci. Har na kai ga wani lissafi da a lokacin na ɗauka ko alƙali ba zai iya irinsa ba. Gwamnati ba gona take so ba, gonaki sun yi mata yawa. Bariki take so. In babu bariki, babu abin da zai kawo ta. Na faɗa wa uwargidana, ina jiran ta yaba. Tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, gidan da babu katanga ai fili ne." Na ce mata tarihi ba fannin mata ba ne. Ta ce to.

Ranar Juma'a bayan an idar na miƙe a ƙofar masallaci na sanar cewa duk mai bukatar dutse ya hau tudu ya ɗiba, kyauta, sadaka ce ga iyayena. Aka shiga kallon juna. Wani dattijo ya tambayi na kusa da shi ko ya ji daidai, Bafillace ne ke rabon kyauta? Kwana uku babu wanda ya zo, kowa yana jiran ya ga abin da ke ƙarƙashin maganar, don a garinmu ba ni kaɗai ke da wannan ciwon ba. Wasu suka ce masu duwatsun ne suka addabe ni nake neman wanda zan sauke wa. Rana ta huɗu wani magini ya yi shahada ya kawo amalanke, ya cika ya tafi, aka kwana aka ga bai haukace ba. Daga nan sai tudu ya koma kasuwa.

Ni da kaina na ɗaura wa shanuna amalanke ina kai wa waɗanda ba su da abin ɗauka. Kuma dole in yaba wa su kakata, aikin makubar nan bai yi ƙarya ba. Sai an sa diga da guduma dutse yake rabuwa da ɗan'uwansa, wani ma gara ya fashe da ya saki. Barikin Nasara ya bazu a gari. Ya shiga fandishon shaguna, ya zama bakin rijiya, ya zama dakalin ƙofar gida, ya zama murhun masu ƙosai. Akwai wani dutse mai ramin bindiga da har yau kaji ke shan ruwa a cikinsa.

Muna cikin haka maƙwabcina ya hauro, ya tsaya yana kallo, ranar babu wasa a fuskarsa.

Ya ce, "Fillo, ka rushe duk wadda ka ga dama, amma ta gabas ɗin nan ka bar ta."

"Don me?"

"Ita ce tsakanina da kai. Tun zamanin iyayenmu ita ta hana gidanmu da naku faɗa."

Na ce, "Ko dai ita ce aka yi maka alkawarin gadi a kanta?"

Ya girgiza kai ya sauka. Ni kuwa na ce ga shi nan ya tona kansa. Me zai sa mutum ya damu da katangar da ba tasa ba, in ba an ba shi wani abu ya riƙe ba? Washegari na karkatar da duk masu diga zuwa gabas. Na tsaya a kansu, na ce har na ƙarƙashin ƙasa a tono, kada a bar ko ɗaya da wani zai nuna ya ce ga alama. Aka tone tas, aka bar dogon rami kamar an cire wa ƙasa haƙora.

Ana gab da faɗuwar damina na je kasuwar Babura sayar da ɗan maraƙi. Da na dawo aka ce min farar motar nan ta zo, sun hau tudu sun zagaya sun zagaya, sun tsaya sun riƙe ƙugu, sun koma. Ranar na sa aka yanka zakara. Na ce wa uwargidana ta ga amfanin boko. Ta ce ta gani.

Sai ruwa ya zo. Ashe duk shekarun nan katangar nan ce take tare ruwan da ke gangarowa daga kan tudu tana karkatar da shi kudu. Da bai same ta ba, sai ya samu ramin da na tona masa, ya bi. Ruwa uku aka yi masu ƙarfi, ramin ya zama kwazazzabo. Kuma bai bi layi ba, don ruwa bai yi elementare ba. Nan ya ci cikin tawa, can ya ci cikin ta maƙwabcina, ya yi ta lanƙwasa kamar maciji ya sha duka. Maƙwabcina ya sa garmar shanu ya yi huɗa har bakin kwazazzabon. Na zo na duba na ga a wani wurin ya shigo min da kunya uku, ko huɗu. Ya ce shi ma a ƙasa ruwa ya ba ni nasa. Na ce ƙarya ne. Ya ce to ina iyakar? Na buɗe baki in ce katanga, na rufe.

Muka tafi gaban dagaci. Tsohon dagacin ya rasu a ranin nan, ɗansa aka naɗa, mutumin da ya yi shekaru yana aikin ofis kafin ya dawo gida, mai son komai a rubuce. Ya tura dattawa huɗu suka hau tudu. Wannan ya ce katangar ta nan ta bi, wancan ya ce a'a, ta can, na uku ya ce shi dai ya san yana tsayawa a nan ya hango rijiya. Abin da mutum yake gani kullum ba ya auna shi. Da suka gaji suka dawo suka ce a ɗauki tsakiyar kwazazzabon a matsayin iyaka, a shuka gamba a gefe da gefe, kowa ya haƙura da abin da ruwa ya ci masa.

Maƙwabcina ya ce, "Na yarda, ranka ya daɗe."

Saurin yardar nan shi ya tsaya min a wuya. Na dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Na farko goro yake ci, kuma na san a hanya maƙwabcina ya ɓara goro. Na biyu surukin ƙanwar matarsa ne. Dukkansu kuwa akwai dutsena a gidajensu, ko kunya babu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na son shaidar baki. Akwai takarda. Ma'aikata sun zo sun auna wurin nan da igiya, sun zana. A ɗauko ta, abin da ta ce shi ke nan."

Kada ku ce na manta da abin da na faɗa wa matar nan. Ban manta ba, ina sane. Amma na tabbata a raina ba ta yarda da ni ba. Na ga kallon da ta yi min. Na san sun zagayo daga baya, ko maƙwabcina ya kai su da kansa, sun auna har katangar waje, sun rubuta duka a matsayin bariki. Tunda kuwa iyakata katangar bariki ce, munafuncin da suka ƙulla don su cuce ni shi zai dawo ya cece ni. Har ina tausaya musu.

Dagaci ya ce, "Baba, ka yi tunani. Dattawa sun yi sulhu mai kyau."

"Takarda, ranka ya daɗe."

"Duk abin da ta ce ka yarda?"

"Na yarda."

Sau uku yana tambayata, sau uku ina amsawa, a gaban jama'a, har na ƙara da rantsuwar da ba a nema ba. Maƙwabcina ya ce shi ma ya yarda, tunda bawansa ya nace.

Na hau ƙaramar bas zuwa Kazaure, na yi ta tambaya har aka nuna min ofishin da suke zama in sun zo yankinmu. Na yi sa'a ma'aikaciyar mai tabarau tana nan. Ta gane ni tun daga ƙofa, ta ba ni kujera, ta sa aka kawo ruwa. Na duba ruwan kafin in sha.

Ta ce, "Baba, ai mun dawo ba mu same ka ba. Allo muka kawo za a kafa a gindin tudu, mai bayanin wurin. Da takarda cewa mai gonar ya ci gaba da nomansa, shi ne kuma zai riƙa kula da wurin yana yi wa baƙi bayani. Kai muka rubuta. Muka hau muka tarar babu abin da za a kafa wa allo. An ce wani ne ya rabar da duwatsun."

Na ce, "Mutanen yanzu ba su da tsoron Allah."

Ta ce, "Wallahi kuwa, Baba."

Ta sake yi min kallon nan ta saman tabarau. Na kawar da kai na shiga yabon fankar ofishin. Maganar allon ta ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye ba, amma kafin in kai tasha na shawo kanta. Na ce ai dole ta faɗi haka tunda abin ya kuɓuce musu, kura in ta rasa akuya sai ta ce da ma gaisuwa ta zo yi. Ta ba ni kwafin zanen a cikin ambulan, ta liƙe, ta rubuta a kai wa dagaci. A mota na ɗaga shi saitin rana ko zan hango wani abu, ban ga komai ba. Ban buɗe ba, kada a ce na taɓa.

Zauren dagaci ya cika ranar, har da waɗanda ba a gayyata ba. Dagaci ya yage ambulan, ya shimfiɗa takardar a kan buzu, ya sa tabarau. Zane ne mai kusurwa huɗu, tsaf, da lambobi a gefe. Na miƙa wuya ina neman ɓangare na biyu, na dawakai. Babu. Dagaci ya karanta rubutun da ke ƙasa da Turanci a ransa, sannan ya fassara mana da ƙarfi. An rubuta cewa bisa bayanin mai gonar, dattijo masanin wurin, wanda ya riƙe igiyar awo da hannunsa, bariki da gonarsa sun ƙare a wannan katanga. Abin da ke gabas da ita shingen dabbobi ne na maƙwabcinsa, ba ya cikin tarihi.

Ashe yarinyar nan ta yarda da ni. Duk tsawon rayuwata ban taɓa faɗa wa ma'aikacin gwamnati magana ya gaskata ba, sai ranar da na yi ƙarya.

Wani a bayan zaure ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Dagaci ya cire tabarau ya ce, "Baba, kai ka faɗi wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai yanayin da ake ciki a lokacin."

"Kai ka faɗa?"

"Bakina ne ya faɗa."

Ya ce to, shi ba shi da abin yi. Sulhu an kawo na ƙi, takarda na nema, rantsuwa na yi ba a sa ni ba. Ɓangaren gabas gaba ɗaya, daga inda katangar tsakiya take har kwazazzabo, ya zama na maƙwabcina. Kunya uku na ƙi bari, ga shi rabin gona ya tafi, kuma rabin da ke cika rumbu.

Maƙwabcina ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa, a rubuta. Amma bawana ne, in ya mutu da yunwa ni za a zaga. Ya ci gaba da nomawa, aro na ba shi. Sharaɗi ɗaya ne: duk shekara kafin ruwan shuka ya zo zaurena da ƙafarsa, ya cire takalmi, ya tambaya."

Haka kuwa ake yi har yau. Duk bazara ina zuwa, yana sa a ce min yana barci, in zauna in jira, ya fito yana miƙa ya tambaye ni daga wane gari. Ya ba ni aron gonar ubana, in yi godiya. Gara dai shi yana da rai, abin da nake tunani shi ne ranar da zan je in tarar da 'ya'yansa ne a zauren.

Amma a ranar hukuncin ban yi shiru nan da nan ba, don masanin tarihi ba ya faɗuwa babu jawabi. Na miƙe tsaye, na gyara babbar riga, na fuskanci jama'a.

Na ce, "Ranka ya daɗe, aro? A wurin nan? A tambayi tsofaffi! Kakana na wajen uba yana cikin mazan da aka tara aikin barikin nan. Da kansa ya hau tudun nan da duwatsun nan, ɗaya bayan ɗaya, ana bin sa da bulala, har gashin tsakiyar kansa ya ƙare bai sake fitowa ba. Guminsa yana cikin ƙasar nan! Lokacin kakan wannan yana ina? Yana inuwa yana wanke allo!"

Na dubi jama'a, na ɗauka maganar ta shiga. Maƙwabcina bai ko tashi ba. Ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki, ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa, Fillo, shi bulala aka sa masa ya hau da su. Kai wa ya doke ka ka sauko da su?"